Shekara 57, kilo 98: in ci gaba da gudu ko in haƙura?

Baban_Yelwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon a faɗa min gaskiya ko da ba daɗi.

Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, shadda da atamfa nake sayarwa, shekarata 57. Sati uku da suka wuce na raka uwargida asibiti, nas ta ce tunda na zo bari ni ma a auna ni. Jini ya nuna 16/10, wato 160/100. Aka ce in dawo washegari ban karya ba. Na dawo, jinin na nan yadda yake, sukari kuma 1.18. Sikeli ya ce kilo 98, tsawona mita 1.70. Likita ya ɗora ni kan maganin hawan jini, ya ce sukarin bai zama ciwo ba tukuna amma yana bakin ƙofa, sai in rage nauyi in riƙa motsa jiki.

Ba ma lissafin ne ya fi damuna ba. Tun bara, in na yi sujada tumbi yakan danne min numfashi, in zan miƙe daga zaman tahiya kuma sai na dafa ƙasa da hannu biyu. Mahaifina ya haura tamanin yana sallarsa a tsaye, yana zuwa gona a ƙafa. Ba na so in koma sallah kan kujera ban kai sittin ba.

Ranar Asabar bayan asuba na ɗauki takalmin ɗana na tafi wajen filin Roumdé Adjia. Na ga samari na gudu, na bi bayansu. Ban yi mita 300 ba numfashi ya gagara, maƙogwaro kamar an zuba barkono, na tsaya na dafa gwiwa ina haki. Yau kwana huɗu gwiwar dama na ciwo, musamman wajen hawa matakalar shago. Kuma wani ya gan ni, kafin azahar labari ya zaga layinmu cewa Alhaji na gudu a titi kamar yaro. Abokin zamana na shekara ashirin ya ja ni gefe ya ce in tuna ina da surukai.

Tambayata ita ce, mai shekaruna da nauyina gudu ya dace da shi, ko lokaci ya wuce? Akwai wanda ya fara a irin wannan shekaru ya ga amfani?

Dan_Lagdo:
Baba ka haƙura da gudu. Gudu na masu gwiwa ne. Ka riƙa tafiya a ƙafa, ka rage tuwon dare, shi ke nan. Allah ya ƙara lafiya.

Nas_Domayo:
Wa alaikumus salam Baba, sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Marwa. Kafin maganar gwiwa ina da tambaya. Lokacin da numfashin ya gagara, ka ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora maka turmi? Ciwon ya tafi hannu, ko wuya, ko muƙamuƙi? Ka ji jiri, ko zuciya na bugawa ba bisa tsari ba? In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, kada ka sake gwada komai sai an yi maka gwajin zuciya, wanda ake manna wayoyi a ƙirji a fitar da takarda, wato ECG. Ko babu ɗaya ma, ni da zan ce ka yi shi, tunda ga shekaru, ga hawan jini, ga daɗewa a zaune a shago.

Na biyu, ba a fara gudu da jini 16/10. Ka bari magani ya kama, ya sauko ƙasa da 14/9, kafin nan kana tafiya a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, wato aƙalla minti 30 sau biyar. Matsakaici kuwa ita ce tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera karatu ba. In maganar ma ta gagara, ka wuce gejinka, sai ka sassauta.

Kuma kada kilo 98 ya tsorata ka har ka ce dole sai ka koma 70. An yi wani babban bincike a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu irin sukarinka na bakin ƙofa, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a sati, haɗarin kamuwa da ciwon sukari ya ragu musu da kashi 58 cikin 100. Kashi 7 na nauyinka bai cika kilo 7 ba. Can za ka fara sa ido.

Coton_Har_Abada:
Ni dai duk lokacin da aka haɗa gudu da zuciya, Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallonmu na Kamaru, nake tunawa. Ina gaban talabijin ran 26 ga Yuni 2003, wasanmu da Kolombiya a Lyon, mutum ya faɗi a tsakiyar fili ba wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28, jiki kamar ƙarfe. In mai irin wannan jiki zuciya ta tsaya masa, ina ga mu? Baba ka bi a hankali don Allah, iyalinka sun fi buƙatarka da tumbin a kan babu kai.

Nas_Domayo:
Yayana Coton, duk mun yi kukan Foé. Amma shi an gano yana da cutar kaurin naman zuciya, ita ce sanadi, kuma irin wannan ne ya sa nake cewa a yi gwaji tukuna. Ka zo ɗakin da nake aiki ka ga waɗanda ake kawo mana ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. A shekarun da na yi, ban taɓa karɓar ɗaya daga filin gudu ba. Daga kan kujerar shago ake kawo su, daga kan tabarma a ƙofar gida, mafi yawa sun san suna da hawan jini suka ajiye magani.

Kawu_Baladji:
Ƙanena, zan kira ka haka don na girme ka da shekara shida. Ni a Gaundare nake, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Na fara ina da 58, kilo 94, kuma kuskuren da ka yi shi na yi: rana ɗaya na fita na bi yara, na kwanta sati biyu da ƙafa. Jikin da ya shekara talatin bai yi gudu ba, huhu ne ke fara sabawa, amma jijiya da gaɓoɓi sai a hankali, su ne suke ɗaukar watanni.

Ga yadda na yi a karo na biyu. Wata biyu cur tafiya kawai, ban ɗaga ƙafa ba. Na fara da minti 15, ina ƙara biyar duk sati har na kai 45. Daga nan na koma ƙirga falwayar lantarki a bakin titi. In yi sassarfa daga wannan zuwa ta gaba, in yi tafiya biyu, in sake. Sassarfa fa na ce, irin wadda mai tafiya da sauri zai iya jerawa da kai. Kwana uku a sati, ba na haɗa kwana biyu a jere. Daga baya 'yata ta samo min wani tsari a intanet na sati tara, wanda satin farko minti ɗaya gudu, minti ɗaya da rabi tafiya, ana maimaitawa, a ƙarshe mutum ya iya gudun minti 30 ba tsayawa. Su sun ce sati tara, ni wata biyar ya ɗauke ni, don duk satin da ya yi min nauyi sai in maimaita shi sau biyu ko uku. Ba wanda ke jirana da kofi a ƙarshen hanya.

Yau ina yin kilomita 5 a minti 40 ko kusa da haka, kilona 81. Ina hawa Dutsen Gaundare da jikokina. Amma zan faɗa maka abin da ba wanda ya faɗa min: wata uku na farko sikeli bai motsa ba ko kaɗan, don in na dawo sai in ce ai na yi aiki, a ƙara min malmala. Sai da na gyara kwano sannan tumbi ya fara sauka. Gudun ya gyara min numfashi da barci da jini. Tumbin kuwa a kwano ya tafi.

Ka kuma lura mu nan kan tudu muke, sama da mita 1,000, muna da sanyi. Ku a Garwa zafi wani abu ne daban.

Malam_Mai_Allo:
Ni maganar abokin zaman nan ce ta tsaya min, wai ka tuna kana da surukai. Alhaji, ka karanta masa wannan. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a wata tafiya, ta wuce shi. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan. Wane ne ya fi shi kamala da zai ce gudu zubar da girma ne? Abin kiyayewa kawai al'aura, daga cibiya zuwa gwiwa. Ka sa dogon wando mai faɗi da riga, babu mai abin cewa.

Sannan hadisin ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, duk mun haddace shi, aiki da shi ne ya gagare mu. Kuma akwai abu mai sauƙi. Banu Salama, wata ƙabila a Madina zamanin Manzon Allah, sun so su dawo kusa da masallaci, aka ce musu su zauna a gidajensu ana rubuta musu sawunsu. Ka ajiye babur, ka nemi masallacin da ke da ɗan nisa don asuba da isha'i. Riba biyu ke nan.

Goggon_Kakatare:
Alhaji ka gode Allah kai namiji ne, rana ɗaya aka yi da kai a kasuwa. Mu mata in aka ga mai shekara hamsin da huɗu tana sauri a titi da asuba, tambaya ta farko ita ce wa ya rasu. Ni ciwon baya da gwiwa suka sa na fara, sallar nafila ma a zaune nake yi. Shekara guda a tsakar gida nake zagaye, daga bakin rijiya zuwa zaure, sau arba'in, ina ƙirgawa da carbi. Kishiyata ta fara da kallo, daga baya ta shigo. Yanzu mu bakwai ne a unguwa, bayan asuba da hijabanmu mukan je filin wata makaranta mu zaga kafin yara su zo. Ba mu gudu, tafiya ce mai ƙarfi. Na rage kilo 9 cikin shekara biyu, ina tsugunawa in yi wanki da kaina.

Abin da ke ƙona min rai, mu muna fama mu rage, 'yan mata kuwa suna sayen ƙwayar ƙiba a kasuwa don a ce sun yi jiki kafin aure. Mu muka koya musu cewa ramammiya ba ta jin daɗin gidan miji.

Mai_Shayin_Tasha:
Zan yi magana ko da za ta taɓa cinikina. Shekara 16 ina sayar da shayi. Alhazan kasuwa in sun zo, kofi ɗaya ƙwayar sukari huɗu ko biyar, ga madarar gwangwani mai zaƙi, ga burodi da bota, ga ƙwai uku a soya da mai. Da hantsi a aiko yaro, bayan la'asar a sake. Wannan duk kafin a zo kan ɗan ƙaramin shayin da ake dafawa a majalisa, zagaye uku, kowanne da sukarinsa. In ka tambayi mutum sai ya ce shi ba ya cin abinci da yawa, kuma gaskiya ya faɗa, sha yake yi. Baba, ka ƙirga ƙwayar sukarin da kake sha daga safe zuwa dare, kwana ɗaya kawai, ka zo ka faɗa mana.

Lissafi_Dai:
Mai shayi ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Ni malamin lissafi ne, bari in sa lamba. Ƙwayar sukari ɗaya kusan giram 5 ce. Huɗu sau uku a rana, 12 ke nan, giram 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan giram 50 a rana, in an tsaya a 25 ya fi. Lemon kwalba irin Coca-Cola yana da kusan giram 10 a kowane mililita 100, to babbar kwalba ɗaya ta cinye rabon yini.

Gudu kuma, a ƙiyasi mutum na ƙona kalori ɗaya kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 98 in ya yi kilomita 5, kusan kalori 490. Kilo ɗaya na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne. Raba ka gani, fita kusan 16 kafin kilo ɗaya, in bai ƙara ci ba. Amma giram 60 na sukari kalori 240 ne, kullum. Wanda ya bar shi, cikin wata guda ya tara sama da 7,000 bai taka ko'ina ba. Cokalin mai ɗaya kuma kusan 120 ne, ku duba yadda mai ke yawo a kan miyar gidajenmu. Jiki ba allo ba ne, lissafin ba ya fita daidai-daidai, amma ya nuna abin da Kawu_Baladji ya faɗa.

Coton_Har_Abada:
Wannan gaskiya ne. Ku duba 'yan de-zero, tsofaffin da ke buga ƙwallo ranar Asabar da Lahadi. Shekara goma suna bugawa tumbi na nan, don ana tashi daga fili sai wajen mai tsire da lemo.

Dan_Kilando_Njamena:
Gaisuwa daga wannan gefen kogin Shari. Baba, zafinmu da naku kusan ɗaya ne, Maris da Afrilu ma'auni na wuce 40. A wannan lokaci ƙarfe bakwai na safe ma ta yi latti. Daga sallame asuba zuwa fitowar rana, shi ne lokacinka. Ka sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe ƙaramar gora, in fitsari ya yi ja sosai ruwa ya yi ƙaranci. Wasu samari nan suna sa rigar leda su yi gudu da rana wai kitse ya narke. Ruwa ne kawai ke fita, in an sha ya dawo, kuma mutum na iya faɗuwa.

Da hunturu kuma hazo. Ƙurar nan da ke rufe mu yawancinta daga ƙwarin Bodele take tasowa, a arewacin ƙasarmu. Ranar da ka ga rana kamar faifai, ba ka hango ƙarshen layi, kada ka yi gudu, ka zaga a cikin gida. Ni aikin babur nake, na san abin da take yi wa ƙirji. Ka kuma tafi ta gefen da kake fuskantar abin hawa, ka sa riga mai haske, don wasunmu ba su da fitila. Sanda ma ka riƙe saboda karnuka.

Uwar_Biyu_Kusuri:
Ni dai akwai wani shayin rage tumbi da ake kawowa, ƙawata ta sha sati biyu ta rage kilo 4. Jaka biyar ne kwali. Ba sai an wahala da gudu ba a wannan shekaru.

Nas_Domayo:
'Yar'uwa don Allah kada ki ba mai hawan jini wannan shawara. Yawancin irin waɗannan gudawa suke sawa ko yawan fitsari, ruwan jiki ne ke tafiya ba kitse ba. Baba yana shan maganin hawan jini, wasu magungunan ma da kansu suna sa fitsari, in an haɗa jini na iya faɗuwa, ƙoda ta wahala. Rabin kilo a sati ya isa. Jaka biyar ɗin nan a sayi takalmi da ita.

Dan_Lagdo:
Ni har yanzu ina kan bakana. Kawuna tsohon soja ne, ya yi gudu duk rayuwarsa, yau da sanda yake tafiya, gwiwa ta ƙare. Kilo 98 ana buga shi a kan kwalta, wace gwiwa ce za ta ɗauka? Shi da kansa ya ce kwana huɗu tana ciwo daga mita 300. Tunda malamin lissafi ya nuna a kwano maganar take, me ya kawo gudu?

Mai_Gashin_Kashi:
Dan_Lagdo, rabin maganarka na yarda da shi. Ni aikin gashin ƙashi nake a asibiti. Gudun soja da kaya a baya da takalmin ƙarfe, shekara da shekaru, ba irin sassarfar Kawu ba ne. An tattara bincike da yawa a 2017, aka ga amosanin gwiwa da ƙugu ya kama kusan kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don lafiya, kusan kashi 10 na waɗanda ba sa yi, kusan 13 na masu gudun gasa. Wato matsakaicin gudu ba shi ke cinye gwiwa ba. Inda na yarda da kai shi ne nauyi. Duk kilo ɗaya da mutum ya rage, kusan kilo huɗu ne ya sauke wa gwiwa a kowane taku. Don haka ni ma na ce Alhaji ya fara sauke biyar ko bakwai da tafiya da gyaran kwano, gudu ya biyo baya.

Amsar me ya kawo motsa jiki kuwa, wanda ya rage ci kawai a wannan shekaru, da kitse da tsoka yake zubarwa, ya rame ya yi laushi. Tsokar cinya ita ke riƙe gwiwa, ita ke ɗaga mutum daga zaman tahiya. Alhaji, ka samu kujera mai ƙarfi, ka zauna ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ka huta, ka sake sau biyu. Ka dafa bango ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Kwana biyu a sati. Wake da kifi da ƙwai kada su yanke, ku da kifin Lagdo ke zuwa muku kullum.

Gwiwar in ta kumbura, ko tana sarƙewa, ko tana kucce maka, a duba ta. Takalmin ɗanka kuma ka mayar masa. Ka je gwanjo da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, ka sa da safa, ka bar faɗin babban yatsa a gaba, ka duba kada dunduniyar ta cinye gefe ɗaya. In akwai hanyar ƙasa mai santsi, ta fi kwalta.

Baban_Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. 'Yata nas, ban ji nauyi a ƙirji ba, ba jiri, haki ne kawai, amma gobe zan koma a yi min gwajin. Mai shayi, na ƙirga jiya kamar yadda ka ce. Ƙwaya 17, ban da kwalbar lemo da na sha da baƙo. Na daɗe ina kallon takardar da na rubuta a kai. Malam, na karanta wa abokina hadisin, ya yi shiru, daga baya ya ce shi ma ƙafarsa na kumbura da yamma.

Bappa_Gider:
Ba wanda ya faɗa maka abin da ke jiranka in ka yi nasara, bari ni in faɗa. Shekara huɗu da suka wuce na rage kilo 14. Riguna suka yi min yawa, wuya ya fito. Sai gaisuwa ta canza: lafiya kuwa? Ko kasuwa ce? Wani ya je ya tambayi ƙanena ko cutar zamani ce. Wanda nake karɓar kaya bashi a wurinsa ya fara jan ƙafa, ya ɗauka karayar arziki ce. Mahaifiyata ta kira matana ta yi musu faɗa wai ba sa ba ni abinci. Ban iya jurewa ba, na koma ci kamar da, na bar tafiya, cikin shekara guda duk ya dawo har da ƙari. Yanzu ina allurar insulin safe da yamma. Ba na ɗora wa kowa laifi, ni na saki. Amma ka tara iyalinka tun yau ka gaya musu likita ne ya sa ka, ka kai rigunan wurin tela a rage su da wuri kada su riƙa reto a jikinka.

Goggon_Kakatare:
Allah ya ba ka lafiya Bappa, wannan magana ta taɓa ni. Alhaji, uwargida ce maganinka a nan. In ba ta yarda ba, ludayin mai ba zai ragu ba. Ka ja ta ku riƙa fita tare. Wanda ya ce mace ba ta gudu ya tambayi mutanen Buea labarin Sarah Etonge, uwar 'ya'ya, sau bakwai tana cin tseren hawa Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000.

Dalibi_Dang:
Tambaya a madadin mahaifina, shi yana da ciwon sukari, yana shan magani. In azumi ya zo yaya zai yi da tafiyar?

Nas_Domayo:
Ya danganta da maganin. Insulin da irin su glibenclamide suna iya sauke sukari ƙasa sosai in an motsa jiki ba a ci ba, mutum ya ji rawar jiki, zufa, duhu-duhu a ido. Metformin shi kaɗai bai cika yin haka ba. Ya ga likitansa kafin azumi a daidaita masa, kuma tafiyar ta koma bayan buɗa-baki, ya riƙe dabino a aljihu. Ya riƙa duba tafin ƙafarsa duk dare, don mai sukari kan ji rauni bai sani ba. Bappa_Gider, kai ma tafiya ba ta wuce maka ba, ka yi magana da likitanka ka dawo.

Baban_Yelwa:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati shida don kada a ce na ci na goge baki. Gwajin zuciya lafiya. Jini jiya 14/8. Shayi na mayar da shi ƙwaya ɗaya, sati biyu na farko kamar ina shan ruwan ɗaci, yanzu na saba. Lemo na bari. Tuwon dare malmala ɗaya da miya mai yawa, uwargida na sa min zogale ko rama a gefe. Ina tafiya daga gida zuwa shago da safe, minti 35, yaro ya biyo ni da babur. Kujerar ma ina yi. Sikeli ya ce 95.5, na so ya fi haka. Amma tela ya auna ƙuguna, daga santimita 112 ya koma 108. Jiya a sallar magariba na miƙe daga tahiya da hannu ɗaya.

Gwiwa ta daina ciwo. Abokin nawa yanzu tare muke tafiya, shi da babbar riga. Ranar Asabar muka bi ta gadar Binuwai rana na fitowa, na ji ƙafata na son ta ɗaga. Kawu, in fara ƙirga falwayar, ko in ƙara jira?

Dan_Lagdo:
Ma sha Allah. Tunda tafiya na yi maka aiki, ni ban ga abin da za ka nema a gudu ba.

Kawu_Baladji:
Ka cika wata biyun tukuna, saura sati biyu. In likitanka ya yarda, ka fara da falwaya ɗaya sassarfa, uku tafiya, sau shida, ka koma gida ko da kana jin za ka iya ƙari. Washegari da safe ka saurari gwiwar wajen hawa matakalar shago, ka zo ka gaya mana abin da ta ce.

Bappa_Gider:
Na je asibiti ranar Litinin. An ce in fara da minti 15 bayan karin kumallo. Yau kwana uku.